Tsingaron da Muka Kwaso a Bayan Kufai

Shekarun baya, tun ina 'yar aji huɗu a makarantar En'e ta ƙauyenmu da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na ratsa layin masu tukwane a kasuwa sai na rage sauri. Abin da ya tuno mini da shi kuwa, jiya jikata ta zo wai in sayo mata tsintsiya ta kai makaranta, aikin hannu ne, maki za a ba ta. Na ce to ai mai tsintsiyar ya kamata a ba makin. Ta turo baki ta fita, ni kuma na zauna tunani ya kwashe ni, shi ne na ce bari in ba ku labarin.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Mu ma aikin hannunmu haka yake da farko, ki kawo faifan da uwarki ta ɗinka, namiji ya kawo igiyar da kakansa ya tuƙa, a yaba muku, kowa ya san ƙarya ce. Sai aka turo mana wani sabon malami, saurayi dogo, bai daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, kuma ba ɗan yankinmu ba ne. Ran da ya fara shiga ajinmu ya ɗaga faifaina ya juya shi, ya ce, "Wa ya ɗinka wannan?" Na ce ni ce. Ya miƙo mini kaba da allura ya ce in ƙara masa layi ɗaya. Na tsaya ina kallon allurar nan, ban ma san ta ina ake fara soka ta ba. Bai doke ni ba, dariya ya yi. Ya ce daga yau abin da hannunka bai yi ba kada ka shigo da shi, kuma tunda Allah ya ba mu yumɓu a bakin rafi, ginin tukwane za mu koya, maza da mata.

A gida kuwa karatuna a kan siraɗi yake. Mahaifina fataucin hatsi yake yi tsakanin kasuwar Kurfi da ta Dutsin-Ma, kuma ba da son ransa na shiga boko ba, dagaci ne ya sa aka ɗauke ni. Mutum ne da bai yarda da abin da ba zai ɗauka ya auna nauyinsa a hannu ba. Da na zo ina ba da labarin sabon malami da ɗoki, sai ya ajiye ƙwaryar furarsa ya ce, "To madalla. Shekara da shekaru kina zuwa, ban ga abin da hannunki ya iya ba sai cin tuwo. In an gama shigar da hatsi rumbu ban ga abu guda da kika yi da kanki ba, wanda za a ɗauka a yi amfani da shi cikin gidan ga, to kin gama boko. Ki zauna ki kama ma uwarki aiki." Mahaifina ba ya maimaita magana. Ni kuma ina son makarantar nan kamar raina.

Gashin tukwanenmu na farko, kafin saukar damina, abin kunya ne. Mun jera abin da muka gina a bayan aji, muka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, Malam ya sa wuta. Ba a jima ba muka fara jin fas! fas! Nawa ne ya fi kowanne ƙara, har hedimasta ya leƙo. Gaskiya ko da bai fashe ba ban san sunan da za a kira shi ba, shi ba tulu ba, shi ba kasko ba. Malam ya tsuguna ya daɗe yana duba ɓaraguzan, sannan ya ce yumɓunmu ya cika laushi, yana bukatar abin da zai riƙe shi a wuta. Maganinsa tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane, a daka a tankaɗe a cuɗa da yumɓun. Ya ce bayan damina kowa ya kawo nasa.

A cikin daminar nan ne kakata, mahaifiyar babana, ta fara wata magana da ta dame mu. Tsohuwa ce da idonta ya yi rauni, kullum tana bakin ƙofar ɗakinta tana kaɗi da lalube, kuma ba mai yawan surutu ba ce. Da aka shiga marka, ruwa ba dare ba rana, sai ta riƙa tsayar da mazarinta ta juya fuska wajen gabas ta ce, "Ruwa na shiga mashi."

Mahaifiyata ta ce, "Wa, Inna?"

Sai ta ci gaba da kaɗinta. Aka duba rumbu, aka duba ɗakin baƙi, ba inda yake yoyo. Aka ce ruɗin tsufa ne ya fara. Ni har kwaikwayonta nake yi a bayan idonta, ina ba ƙannena dariya.

Da ruwa ya ɗauke muka shiga neman tsingaro, sai ga shi ashe abin da muke rainawa yana da masu shi. Wannan na ruwan kaji ne, wancan na ɗebo wuta ne, duk gidan da muka shiga sai a koro mu. Ina cikin damuwa ƙawata, wadda ke kai awakinsu kiwo bayan an tashi makaranta, ta ja ni gefe ta ce ta san inda tsingaro yake ba iyaka. A bayan kufai ne, tsohon mazaunin garinmu kafin mutane su taso su dawo bakin hanya. Ta ce ruwan bana ya yanka wani kwazazzabo a wurin, ya tono su. An hana mu zuwa kufai, don haka muka yi alkawari ba mai faɗa wa manya, muka gayyaci wasu 'yan ajinmu, muka ɗauki kwanduna.

Da rana tsaka muka isa. Abin da na fara lura da shi, awakin ƙawata sun tsaya cak a bakin gangaren, ta kora ta kora sun ƙi sauka, ga ciyawa kuwa kore shar a ƙasa. Muka bar su muka gangara. Wurin shiru, irin shirun da kunne ke yi wa ƙara. A gonakin da muka ratso tsuntsaye sun cika ko'ina suna ɓarnar gero, amma a nan ko ɗaya babu. Ga tsingaro nan manya-manya, ba irin gutsattsarin gida ba, rabin randa, rabin tulu, duk a kife, a jere layi-layi, kuma kowane layi ya miƙe kudu da arewa kamar da igiya aka ja shi. Mu da ba mu san komai ba sai murna, muka ce ai masu kufai mutanen kirki ne, har jera mana suka yi.

Da na ciro na farko sai na ga rami a ƙarƙashinsa, siriri, ƙasa ta cike rabinsa. Wata iska mai sanyi ta fito daga ciki ta taɓa mini hannu, alhali rana na dukan ƙeyata. Tsigar jikina ta tashi. Na ce wa ƙawata, "Kin ji?" Ta ce, "Ramin gahiya ne, ke dai kwashi mu tahi." Muka ci gaba da kwasa. A gindin wani busasshen marke na ga wani ɗan gajeren layi, tsingaronsa ja mai sheƙi, da zane a wuyansa, layi biyu masu lanƙwasa da ɗigo-ɗigo a tsakani, sannan alamar babban yatsa a dangwale. Ya ba ni sha'awa. Na kwashi abin da zan iya, guntun da ke da zanen kuma na ɗaure shi a bakin zanena.

Ina shiga gida na tarar da kakata ba ta kaɗi, abawar na zube a cinyarta. Ta ce, ba da ni take ba, "Yau kuma an buɗe shi. Rana ka dukan shi." Na wuce sumsum. Wallahi ko kusa ban haɗa maganarta da inda na fito ba.

Washegari Malam ya ga kwanduna cike ya yi ta sa mana albarka. Ya tambaya a ina muka samo, muka ce bayan gari, ya ce madalla. Muka ari turmi muka shiga daka. Garin da ke tashi yana da wani wari, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, kuma ya kwana a hancina. Amma yumɓun da muka cuɗa da shi, sai wanda ya taɓa. Yana bin hannu yadda ake so. Ni da na gina abin da ba shi da suna, sai ga ni na tayar da 'yar randa mai wuya da baki, daidai wa daida. Kafin ta bushe na kwance guntun nan na ajiye a gabana, na ɗauki tsinke na kwafi zanen a wuyanta, na dangwala babban yatsana inda mai shi ya dangwala.

Da aka gasa, ko ɗaya bai tsage ba. Malam ya riƙa ƙwanƙwasa su da yatsa suna amsawa, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Aka jera su a bayan aji aka cika su da ruwa don a gwada. Daga nan ne abubuwa suka fara. Ruwan ya yi sanyin da haƙori ke amsawa, Malam ya ce alamar gini mai kyau ke nan. Kullum da safe mu tarar ya ragu sosai, ƙasan kuma a bushe, Malam ya ce sabuwar tukunya dama tana shan ruwa. Sannan in rana ta take, aji ya yi tsit muna rubutu, sai mu ji wani amo daga baya, siriri, mai tsawo, kamar mutum na nishi da baki a rufe. Malam ya ce iska ce ke ratsa bakin tukwanen. Duk amsoshinsa daidai ne, na kuma yarda da su har yau. Sai dai akwai ranar da amon ya taso yana tsakiyar rubutu a allo, ya tsaya da alli a hannu, ya juya ya dubi taga. Ganyen dalbejiyar da ke waje ko motsi ba ya yi. Sai ya ce mu fita mu sha iska.

Ran da aka ce kowa ya kai nasa gida, na ɗauko randata a ka ina tafiya ina yanga. An kusa gama shigar da hatsi, kuma mahaifina yana kasuwar Dutsin-Ma, sai la'asar zai dawo. Na ga kafin ya zo bari in fara yi wa kakata burga. Na dire ta a gabanta na ce, "Kaka, taɓa ki ji aikin 'yan boko."

Ta shafa cikinta ta ce ba laifi. Ta shafa bakinta. Da yatsunta suka kai wuya sai suka tsaya. Ta bi layin nan biyu a hankali, ta bi ɗigon, ta sa babban yatsanta a cikin gurbin nawa. Sai ta ɗago kai.

"Ke, wa ya koya maki zanen ga?"

Na ce ba kowa, a jikin wani tsingaro na gani. Ta ce in ba ta. Na kwance bakin zane na sa mata a tafin hannu. Ta shafa, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Wannan hannun uwata ne. Randar aurena ce. Ina kika ɗauko ta?"

Da na faɗa, mahaifiyata da ke tankaɗe ta saki rariya ta ɗora hannu a ka tana salati. A ranar na fara sanin cewa a garinmu da fasassun tukwane ake rufe kabari kafin a tura ƙasa. Ina zan sani? Mata ba sa zuwa maƙabarta, yara ma ba a zuwa da su. Wurin da muka yi ta kwasa muna murna tsohuwar maƙabartar kufai ce, layukan nan kuma mutane ne a kwance.

A ranar kuma na san mahaifina yana da wa. Ɗan farin kakata ne, ƙyanda ta kashe shi yana ɗan tatata, tun suna kufai. Kun san kunyar ɗan fari a wurin mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba, da ya rasu kuma ba ta yi kuka an gani ba. Abin da ta iya kawai, da maza suka shigo neman tukunyar rufi, ta tuttular da ruwan randar aurenta ta tura musu ita ta bayan asabari. Ba ta taɓa ganin inda aka sa shi ba. Shi ya sa duk daminar nan da ake tambayarta wa ruwa ke shigar wa, bakinta ya kasa faɗa.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Mahaifina ya dawo ya tarar da mutane cike a ƙofar makaranta, ko randar bai kalla ba. Wasu na cewa dama sun faɗa, ƙarshen boko ke nan, yau an sa yara daka kabari a turmi, a rufe aikin hannun, a kori malamin. Malam ya fito ya zauna a ƙasa gaban dattawa, idonsa ya yi ja, ya ce, "Wallahi a garinmu da itace muke rufewa. Da na bi su na ga wurin da idona, da haka ba ta faru ba. Yaran ba su da laifi." Na ji tausayinsa har cikin raina, don ban taɓa ganin mai son mu iya wani abu kamarsa ba.

Liman ne ya kashe wutar. Ya ce ba da gangan aka yi ba, kuma ruwa ne ya fara tonewa, su manya da suka bar wurin ba kulawa su ma da nasu. Abin da aka ɗauko dai a mayar. Tunda ya riga ya shiga jikin sababbin tukwane, to tukwanen ne za su koma, a fasa su a rufe bayin Allah da su.

Nan na gane abin da ake nufi, da randata. Na ruga gida na rungume ta ina kuka, ina cewa Baba ko gani bai yi ba, in aka fasa ta shi ke nan an cire ni. Ina jin tsoron randar, ina kuma jin tsoron rabuwa da ita. Kakata ta lalubo kaina ta ce, "Yi shiru. Ni ma tawa sabuwa ce lokacin da na ba da ta. Ki ba yaron nan taki, ya daɗe a buɗe." Ban taɓa jin ta roƙi kowa komai ba sai ranar. Na share hawaye na sake ta.

Da safe maza suka ɗauki tukwanen, Malam a gaba da tulu biyu. Aka tafi da ni har bakin gangaren don in nuna gindin marken, sannan aka ce in koma. Na dawo na zauna kusa da kakata. Rana ta take, gidan ya yi tsit. Can sai ta ɗaga kai wajen gabas kamar mai sauraron sallama, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce, "Alhamdu lillahi. An lulluɓe shi." Sai ga hawaye na bin kuncinta, ba ta ko share ba. Ta nemi ruwa ta sha, ta ɗauki mazarinta. Ba wanda ya shigo ya gaya mata komai, mazan ma sai bayan azahar suka dawo.

Mahaifina ya shigo da ƙasa har gwiwa. Ya tsuguna ya gaida uwarsa, ya ce, "Inna, an gyara." Ta ce, "Na sani." Ya wanke hannu, ya zauna, ni kuwa na raɓe jikin rumbu ina jiran hukunci. Sai ya dube ni.

"Randar nan taki, ni na hwasa ta da hannuna. Sai da na sa ƙarhi na gaske kahin ta rabu, kuma biyu ta rabu cif, ta ruhe shi daga kai har ƙahwa." Ya gyara zama. "An yi amfani da ita cikin gidan ga. Gobe ki tahi makaranta."

Ba a rufe aikin hannu ba. Tukwanenmu ba su isa rufe duka ba, don haka har ƙarshen shekarar abin da ajinmu ya yi ta ginawa ke nan, da yumɓu da yashin rafi, dattawan da suka ce a kori Malam su ne masu kawo mana kara. Daga baya ni ma na zama malama, na koyar da aikin hannu har na yi ritaya, kuma ban taɓa karɓar abin da yaro bai yi da hannunsa ba. Sai dai na ƙara abu guda a kan na Malam, duk abin da yara suka kawo, yumɓu ne ko kaba ko kara, sai na taka da ƙafata na ga inda aka ɗebo shi. Masu cewa a gyara koyar da sana'a a firamare, ina tare da ku, amma a sa iyaye da kakanni a ciki, don akwai abin da ke cikin ƙasar gari wanda sai su suka san shi.

Kakata ba ta sake maganar ruwa ko rana ba har ta koma ga Allah. Guntun tsingaron nan ta riƙe shi a ƙarƙashin matashinta, ran da ta rasu na ba mahaifina ya tafi da shi maƙabarta. Sau ɗaya na taɓa tambayarta sunan yaron, ta ce, "Ke, ba ki da kunya," ta juya mini baya. Har yau ban san sunansa ba, ni da na gina masa rufi.

Amon nan kuwa, na yi shekaru ina gaya wa ɗalibaina iska ce. Amma in na zo layin masu tukwane da rana tsaka, nakan tsaya kamar mai taya, in ɗan karkata kunne wajen bakin wata randa. Ban sake jin komai ba, kuma kullum sai na ce alhamdu lillahi, kowa a lulluɓe yake.